Shayin da Yaya Bai Sha Ba

Ni tun farko ban yarda da shayin nan ba. Abin da kowa ya sani ana sha da zafi, ana hurawa ana kurɓa, wai shi za a bari ya huce da gangan, a jefa masa ƙanƙara, sannan a miƙa wa babban mutum. Ranar da maigidana ya zo da maganar na kalle shi na ce, "Malam, in baƙo ka tsana ai sai ka hana shi ruwa kawai, ba sai ka wahalar da ni ba." Ya yi dariya ya ce ƙauyanci ne ke damuna, ni da aka haifa a tsakiyar birnin Haɗeja.

Zamanin Turawa ne, lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga Malam Madori. A can maigidana yake aikin awo a wani kantin sayen gyaɗa, sai ƙarshen mako ya hawo kekensa ya zo gida. A gidan Baturen kantin ya ga shayin sanyi, kukun gidan ya ɗanɗana masa, shi ke nan abin ya shiga ransa. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma yana da son a ce ya san abin da wasu ba su sani ba.

Ga abin da ya sa ake shirin baƙi. 'Yarmu ta fari tana Guri, a gidan yayan maigidana. Da ta isa yaye aka kai ta can kamar yadda ake yi, ta manta nono a dawo da ita. Matar Yaya ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta riƙe yarinyar da hannu biyu, kwanaki suka zama watanni, watanni suka zama shekaru. A bayanta na haifi biyu, duk suka koma. Ɗakina shiru. Kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in buɗe baki in ce a ba ni abata. Da na yi haka da matan unguwa sun samu abin tattaunawa a bakin rijiya har damina. Yanzu da na tsufa babu wanda zan ji wa kunya: ina son yarinyar nan, ina kwana da ita a raina ina tashi da ita, kuma ina so a dawo min da ita.

Maigidana ya gane ba tare da na faɗa ba. Ya aika wa Yaya cewa in ya kawo bandar kifi kasuwa ya biyo ya ci tuwon dare a gidanmu, ya zo da baffansu, ya zo da yarinyar mu gan ta. Bai faɗi dalili ba, amma Yaya ba yaro ba ne.

Yaya masunci ne, irin waɗanda suka girma a kan ruwa, damtsensa cike da layu. Ba ya cin abin da bai san hannun da ya dafa ba. Tun da ƙaninsa ya fara aiki da Nasara ya ɗaura agogo, yake yi masa kallon wanda ya koyo dabarun da ba na gida ba. Ba gaba suke yi ba. Gaisuwa ce dai ta mutanen da kowanne ke lura da hannun ɗan'uwansa.

Na ce a dama fura da nono mai kyau, ko in jiƙa tsamiya in sa citta da kanumfari, abin da mutum zai gani ya gane. Maigidana ya ce fura kowa ma yana ba Yaya. Shi so yake ya girmama shi da abin da ko hakimi bai sha ba, zuciyarsa ta yi sanyi kafin a ɗauko magana. Ni kuwa a raina na ce burga ce. Har yau ban canza ra'ayi ba.

Amma da yake ni zan dafa, na ƙi yarda a yi abin a wulaƙance. Ya kawo ganyen shayi a ɗan gwangwani, da kan sukari, ya karanto min yadda kuku ya ce, ya koma wurin aikinsa ya bar ni da gwaji.

Na farko na dafa shi yadda na san ana dafa shayi, ganye da ruwa a tukunya suna tafasa tare. Da ya huce na kurɓa, sai da na tofar. Ɗaci kamar saɓara. Ashe abin da zafi ke ɓoyewa, sanyi tona shi yake yi. Na biyu na yi da ruwan da 'yan garuwa ke ɗebowa daga kogi, ya fito da duhu-duhu, ƙasan kwanon duk laka. Na ƙara a cikin tsohuwar tukunyar miya, ya ɗauko warin daddawa. Ganye yana ta raguwa, raina yana ta ɓaci.

A hankali dai na kama bakin zaren. Ruwan rijiya, a bar shi ya kwana ya kwanta. Sabuwar tukunya da ba ta taɓa ganin mai ba. In ruwa ya tafasa a sauke shi daga wuta tukuna, sannan a zuba ganye, a rufe, a ba shi ɗan lokaci kaɗan, da ya yi ja a tace da farin ƙyalle mai tsabta, kada a matsa ganyen ko kaɗan. Sukari da zafinsa ake sawa, in ya huce ba ya narkewa, sai ya taru a ƙasa. Lemon tsami kuwa sai ya huce sarai, kuma a cire 'ya'yan. Na gano da kaina cewa ganyen na'ana'a biyu-uku suna gyara shi. Sai a juye a sabon tulu, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke bi.

Na ɗiba a moɗa na sha, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Bazara ce, irin zafin da ke sa kare ya kwanta a gindin randa. Na ji sanyinsa har ƙirjina. Sai dai da na leƙa cikin moɗar, sai na tsaya ina kallo. Baƙi-baƙi, ja-ja, babu tururi, babu madara. Na taɓa ganin abu mai wannan kama, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya taɓa gani: ruwan da ake wanke allo da shi a ba mutum ya sha. Rubutu.

Na faɗa wa maigidana da ya dawo. Na ce aƙalla a bar ni in sa citta da kanumfari, hanci ya shaida wa mutum abin sha ne. Ya ce ba haka Bature ke sha ba. Na ce ai ba Bature muka gayyata ba. Ya ce in bar masa wannan.

A cikin makon ne maƙwabciyata ta shigo aron turmi, tana fita ta juyo ta ce, kamar abin bai dame ta ba, ta ga maigidana ya fito daga zauren wani malami a bayan masallacin unguwa. Malamin nan kowa ya san abin da ake zuwa nema wurinsa. Maƙwabciyar tawa kuma kowa ya san bakinta, in ta ce maka rana ta fito sai ka leƙa. Duk da haka maganar ta zauna min. Da na tambaye shi ya ce gaisuwa ya je, malamin ba ya jin daɗi. Na ce Allah Ya ba shi lafiya. Amma daga ranar na fara kallon gwangwanin shayin nan da wani ido, har buɗe shi na yi na shinshina.

Ranar da za su zo na tashi da aiki tun da sassafe. Ba a ba masunci kifi a burge shi, don haka zabi aka yanka, na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe. Shayi kuwa tun da hantsi na gama shi, ya fi duk na baya kyau, na naɗe tulun na sa a rumfa inda nake ganinsa.

Bayan la'asar maigidana ya shigo a kan keke, jiƙe sharkaf da gumi, da wani ƙunshi a bayansa. Ƙanƙara ce daga gidan Baturen, daga wani akwati mai aiki da kananzir, an naɗe ta da buhu an cusa a cikin ɓuntun shinkafa. Rabinta ya narke a hanya. Mu ƙanƙara daga sama muka san ta, da damina, tsofaffi su tsince ta a kwalba don magani. Ban taɓa ganin ta mutum ba. Na miƙa hannu zan taɓa, ya janye ya ce iska ke cinye ta. Sai ya sunkuci tuluna da ƙunshinsa ya shige turakarsa ya turo ƙofa.

Na tsaya a tsakar gida da muciya a hannu. Ina jin ƙarar fasa abu, sannan shiru. Shirun ya fi abin da ake bukata don jefa ƙanƙara a tulu, ko kuwa ni ce na ga ya yi tsawo, Allah Ya sani. Na kira shi na ce lafiya? Ya ce yana zuwa. Da ya fito ya bar tulun a ciki, ya ce can ya fi sanyi.

Suka iso dab da magariba, Yaya da baffansu, tsoho mai raunin gani amma kunnensa garau, da yarinyar. Aka turo ta ciki ta gaishe ni. Ta yi tsawo, an yi mata kitso mai kyau, ƙafarta fes, ba zan ce ba a kula da ita ba. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Gwaggo, ina wuni." Haka aka koya mata. Na amsa ina kallon tukunya, don in na kalle ta sosai ban san abin da fuskata za ta yi ba. Na ba ta cinyar zabo, ta karɓa da hannu biyu, ta ruga waje wurin wanda take kira Baba.

Da suka idar da salla aka shimfiɗa musu tabarma a farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Zana ce kawai tsakanina da su, kuma zanar tana da ƙofofin da ba maginin da ya yi. Na zauna a bayanta.

Tuwo ya ciwu. Akushi ɗaya, hannu uku, yarinyar a gefen Yaya yana gutsuro mata. Baffa ya yaba miya. Yaya ma har ya yi dariya da aka tuno yadda maigidana yana yaro ya faɗa ruwa daga kan goran kamun kifi. Na ji zuciyata ta fara sakewa, na ce a raina ƙila ni ce mai mugun zato.

Sai maigidana ya tashi ya shiga turaka, ya fito da faranti.

A nan ne ya yi abin da ban san zai yi ba, da na sani da na kwanta a bakin ƙofa na hana. Mu abin sha a ƙwarya ɗaya yake zuwa, da ludayi, mai gida ya fara kurɓa, ta zagaya. Shi kuwa ya zuba wa kowa nasa daban yadda ya gani a gidan Bature. Kofunan tasa biyu, nasa da na Baffa. Na ukun tambulan ne na gilashi, guda ɗaya tak da ya aro wurin kuku, da gutsuren ƙanƙara yana yawo a ciki. Wannan ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a gaban Yaya.

Dariyar ta tsaya. Yaya bai taɓa tambulan ɗin ba. Ya sunkuya ya dube shi a hasken fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan fa?"

"Shayi ne, Yaya. Na sanyi. Don kai aka yi shi."

Na rufe ido. Duk maganar duniya ya rasa wadda zai faɗa sai wannan.

"Don ni," in ji Yaya. "Shayin da na sani yana tururi. Ina ƙwarya?"

"Ba a shan sa a ƙwarya."

"To me ya sa nawa ya bambanta da naku?"

Maigidana ya fara bayani, cewa babba ake ba gilashi, girmamawa ce. Ya ɗaga kofinsa ya shanye. Da ya ga ba wanda ya motsa, ya ce a ba shi na Yayan ma ya sha a gani. Baffa, wanda tun ɗazu yake shinshina nasa, ya ajiye a hankali ya ce, "Ɗana, abin da aka yi da sunan wani, ko tulun ka shanye ba abin da zai yi maka. Wannan ba shaida ba ce."

Ba wanda ya ambaci rubutu, kuma ba wanda bai ji shi ba.

Yarinyar ba ruwanta da duk wannan. Ƙanƙarar take kallo, tana juyi tana ƙara a jikin gilashi. Ta miƙa hannu ta ɗauka, har ta kai baki. Yaya ya kaɗe tambulan ɗin da bayan hannu, ya yi gefe, shayi ya malale a tabarma. Ta fashe da kuka ta shige bayansa ta riƙe rigarsa. Ya dafa kanta, ya kāre ta da jikinsa. Sai a lokacin na gane ba kansa yake ji wa tsoro ba. Tsoronsa kada a juya mata zuciya ta manta su.

Maigidana ya miƙe, muryarsa ta sauya. "Yaya, ni zan cuci 'yata?"

"Zauna," in ji Yaya. Sai ya juyo wajen zana, don ya san ina nan. "Amarya."

Haka yake kirana tun ranar da aka kawo ni. Na matso na durƙusa a bakin zanar na ce, "Na'am, Yaya."

"Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Na san abin da aka kira ni dominsa, kuma ban zo da niyyar hana ku magana ba. Ke kika dafa wannan abu?"

"Ni na dafa."

"Daga murhu har tabarmar nan, tulun bai bar idonki ba? In kika ce bai bari ba, a zubo wani in sha a gabanku, sannan mu zauna a yi maganar yarinya."

Ga hanya a buɗe, kalma uku kawai. Ina jin numfashin maigidana. Ina jin shessheƙar yarinyar. Kuma ina ganin ƙofar turakar nan a rufe, da zauren malamin bayan masallaci. Idan na ce bai bari ba, Yaya zai sha, ita ma za a ba ta sauran, don yaro ba ya ganin abu a hannun babba ya haƙura. Ni kuwa ban san abin da ke cikin tulun ba.

Na ce, "Ni na tafasa, ni na tace, ni na sa sukari da lemo. Sa ƙanƙara ne ban gani ba."

Yaya ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Ya tashi, ya kama hannun Baffa, ya saɓa yarinyar a kafaɗa. Suka yi godiyar tuwo kamar yadda ya kamata. A gidan fatoman da Yaya yake sauka suka kwana, da safe suka kama hanyar Guri.

Mata da yawa sun ce min wauta na yi, wai ƙarya ɗaya a kan 'yarka ai ba ƙarya ba ce. Masu faɗar haka ba su tsaya a tsakar gida suna kallon rufaffiyar ƙofa ba. Haushina ba a kaina yake ba. Yana kan mutumin da aka ce masa fura ya ce gilashi.

Sau ɗaya na tambaye shi, bayan kwanaki, ko akwai abin da ya sa a tulun ban da ƙanƙara. Ya kalle ni ya ce, "Ke ma?" Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Mun zauna shekaru masu yawa bayan haka lafiya lau, ya rasu ban san amsar ba. Wata rana in na tuna fuskarsa sai in ce wallahi ba komai, ƙanƙara yake fasawa a hankali don kada ta tarwatse. Wata rana kuma in ce to me ya kai shi zauren malamin nan a wannan makon.

Maganar dawo da yarinya ba a sake ɗaga ta ba. A Guri ta girma, a can aka yi mata aure, Yaya ne ya ba da ita. Ban san yadda aka ba ta labarin daren nan ba, amma an ba ta.

Bayan ta haihu ta zo Haɗeja ta biyo gidana, da goyo a bayanta, rana tsaka, ta sha tafiya. Zuwa lokacin ta san ko ni wace ce. Na shimfiɗa mata tabarma, na karɓi jaririn, na ɗebo mata ruwa, farin ruwan rijiya, na miƙa mata. Leɓenta duk ya bushe ya tsage. Ta karɓa da hannu biyu, ta leƙa cikin moɗar, ta ajiye a gefen tabarma.

"Na sha a hanya, Gwaggo," ta ce.